A shata wa masu sayar da taba iyaka, amma a zauna da su tukuna

Sanin kowa ne cewa a Garou ba mu da irin manyan kantunan taba na birane. Mai tebur ne kantinmu, sai mai shayi da ke ajiye kwali biyu ko uku kusa da gwangwanin madara, sai kuma 'yan rumfunan shisha da samari suka fara sabawa da su. Don haka idan ana maganar inda ya kamata a sayar da taba, da waɗannan bayin Allah ake, kuma da yawansu masu karanta wannan shafi ne.

Doka dai akwai ta. Jamhuriyar Benin ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, sannan a ranar 18 ga Disamba 2017 aka sa hannu a kan doka mai lamba 2017-27, wadda ta hana tallar taba, da shan ta a wuraren taruwar jama'a, da sayar da ita ga yaron da bai kai shekara 18 ba. Maƙwabtanmu ma ba su zauna ba. Nijar ta yi tata dokar a 2006, Nijeriya a 2015, har ta hana sayar da sigari kara-kara. Mali kuwa a 2022 ta haramta shisha ɗungurungum.

To, amma mai tebur nawa ne daga Garou zuwa Madécali aka taɓa karanta wa wannan doka? Da Faransanci aka rubuta ta, a Porto-Novo aka yi muhawararta, shi kuwa wanda za ta hau kansa Dendi yake ji, ko Hausa, ko Fillanci. Dokar da mutum bai san iyakarta ba takan zama sanda a hannun wanda ya fi shi ƙarfi. Yau a ce masa ya yi kusa da makaranta, ya ba da na goro a ƙyale shi, gobe wani ya zo da irin wannan magana. Duk ɗan kasuwar kan iyaka ya san yadda wannan wasa yake ƙarewa.

Ba muna wanke masu sayarwa ba ne. Tebur a ƙofar makaranta, alewa da biskit a gaba, sigari a gefensu, wannan abin kunya ne. Yaron da ya zo sayen alewa kullum idonsa yana kan kwalin, kuma kara ɗaya bai fi ƙarfin kuɗin karin kumallonsa ba. Haka nan wanda ke aiken ɗansa sayo masa taba, shi ma da hannunsa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara, kuma akasarin mashaya tun suna yara suka fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu kamfanonin sigari sun fi mu sanin haka.

Abin da muke nema a wurin ma'aikatar magajin garin Malanville ba mai wuya ba ne. A fitar da iyaka a fili, a auna ta a ƙasa, a kafa alama da kowa zai gani a kewayen makarantun boko, da makarantun allo, da asibiti. Indiya ta yi haka a dokarta ta 2003, ta ce babu sayar da taba cikin yadi 100 daga makaranta, magana ɗaya da ko wanda bai yi karatu ba zai iya aunawa da ƙafarsa. A yi shela a rediyo da kasuwa cikin harsunan da mutane ke ji, a ba da wa'adi, kuma duk tarar da za a ci mutum a ba shi takardarta.

Sai dai a tuna halin da ake ciki. Rufe gadar Malanville da Gaya da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya karya jarin mutane da dama, wasu daga buhunan albasa da shinkafa suka koma ɗan tebur. Wanda aka tayar daga bakin makaranta ba tare da an nuna masa wani wuri ba, gida zai koma da kayansa, ya riƙa sayarwa ta bayan katanga, inda babu idon kowa. Saboda haka kafin a kafa alama ko ɗaya, shugaban gundumar Garou ya tara shugabannin 'yan kasuwa, da limamai, da malaman makaranta, da iyaye, a ware wa masu taba wuri a cikin kasuwa ko kusa da tasha. 'Yan kasuwa kuma kada su jira sammaci. Su tura wakilansu tun yanzu, da jerin teburan da abin zai shafa a hannu.