Ƴar tsana ba ta jin kunya

 Yau zancenmu a kan ƴar tsana ne, irin wadda ake sa hannu a cikinta, a ɓuya bayan zane, a sa ta magana gaban jama'a. Na san wani zai ce: "Malam, mu da muka bar aikin gona da daka muka zo koyon baƙi, wasan yara za ka kawo mana?" To ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Ra'ayina shi ne, kowane ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Matamai ya kamata ya ɗinka ƴan tsanarsa, ya rubuta wasansa da hannunsa, ya nuna shi a dandali.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A ƙasar Damagaram an san ɗiyan dabo tun da daɗewa. Mai dabo yakan kafa sanda, ya lulluɓa babbar riga a kanta, ya shiga ciki ya zauna. Sai a ga ƴan mutane na tsumma suna leƙowa ta wuyan rigar, suna gaisuwa, suna rawa, suna faɗa da juna. Yakan sa wani ɗan abu a bakinsa don muryar ta fito siririya. A Barno wani Bature ya rubuta labarin irin wannan wasa a 1935, ya ce da ɓawon ƙwan jimina ake yin abin bakin. Yau ba kasafai ake ganin mai dabo ba. Rediyo ta zo, talabijin ta zo, ga waya a aljihun kowa.

Kuma ku tuna da wasan kara. Samari su ɗauki karan hatsi su yi bindiga, su yi tabarau, su yi na'urar ɗaukar hoto. Wannan ya zama sarki, wancan ya zama gwamna, wani ya zama jandarma. Manya na zaune suna kallon yadda ake kwaikwayonsu, suna dariya, ba mai fushi. Me ya sa? Don kowa ya yarda wasa ne. Amma a cikin wasan nan ana faɗin gaskiyar da ba mai iya faɗinta ranar da ba ta wasa ba.

To nan ne amfanin ƴar tsana yake. Mu mutane ne masu kunya, kuma kunya abu ne mai kyau. Amma akwai inda take cutar mu. Mace ba ta iya ce wa mijinta gaban mutane: "Ka sayar da hatsinmu da kaka da araha, ga shi damina ta yi muna sayensa da tsada." Yaro ba ya iya ce wa ubansa: "Baba, bar ƙanwata ta gama lakwal kafin a yi zancen aure." Amarya ba ta iya ce wa uwar mijinta: "Inna, yaron nan tamowa ce ke damunsa, mu kai shi likita." Duk waɗannan maganganu suna cikin zukata, ba su fita. Ƴar tsana kuwa ba ta da suruki. Ba ta da maƙwabci, ba wanda yake bin ta bashi. Idan ta faɗi, a yi dariya, kowa ya koma gida da maganar a kunnensa. Wanda abin ya shafa ya san da shi ake, kuma ba a ci mutuncinsa ba.

A cikin aji ma haka ne. Akwai matan da suka iya karatu sarai, amma in an ce su tashi su karanta da ƙarfi, sai murya ta maƙale, a rufe baki da gefen mayafi. Ka ba irin wannan mace ƴar tsana, ka sa ta bayan zane inda ba mai ganin fuskarta. Za ka ji muryar da ba ka taɓa sanin tana da ita ba.

Ɗinkin ba shi da wuya, kuma ba ya cin kuɗi. A nemi ƙaramin ludayi ko ɗan duma a yi kai da shi. In babu, a cusa auduga ko tsumma cikin tsohuwar safa, a ɗaure. A bar rami a wuya daidai shigar yatsa. Riga kuwa ƙyalle biyu ne, a yanka su kamar ƴar taguwa mai hannuwa, a ɗinke gefe, a bar ƙasa a buɗe. Wanda yake da aboki tela a kasuwa, ragowar yadi ya ishe shi. Ido da baki a zana da gawayi ko tawadar allo. A yi idon babba, don na bayan taro ya gani. Gemu, gashin akuya ko zaren buhu. Ɗankwali, rawani, hula, duk ɗan ƙyalle ne. Da an ga rawani an san mai gari ne, da an ga goyo an san uwa ce, ba sai an yi bayani ba.

Yatsa manuniya ita ke shiga kai. Babban yatsa ya shiga hannu ɗaya, na tsakiya ya shiga ɗayan. A ɗaure zane tsakanin itace biyu, tsawonsa ya rufe mutum a zaune. Ka ɗaga hannu sama, kada ƴar tsanar ta riƙa nutsewa kamar mai faɗawa rijiya. Wadda ke magana ita kaɗai ke motsi, sauran su tsaya cak suna kallonta. In duk suna motsi, ƴan kallo ba su san wa ke magana ba. Hannu yana gajiya da wuri, za ku gani da kanku, saboda haka wasa kada ya wuce minti 10. A sa mutum ɗaya a gaban zane, mai baki, in da hali da ɗan kalangu. Shi zai riƙa tambayar ƴan tsanar, ya maimaita abin da ba a ji ba, ya juya ya tambayi jama'a: "Ku kun yarda da abin da ta ce?"

Amma ni malamin karatu ne, kuma abin da ya fi damuna shi ne rubutun. Da yawa sun gama aji, sun karɓi takardar shaida, bayan shekara biyu baƙin ya gudu, don ba abin da suke rubutawa. Wasa yana ba mutum dalilin ɗaukar alƙalami. Ku zauna ku biyar ko shida. Ku fara rubuta sunayen mutanen wasan. Sannan ku rubuta abin da kowa yake so. Misali: manomi yana son bashin hatsi, ɗan kasuwa ya ce zai ba shi tiya 10 a biya shi 20 da kaka, matar manomi ta iya lissafi, ta ce ba ta yarda ba. Shi ke nan, wasa ya samu. Sai ku rubuta maganar kowa, layi layi, gajere gajere, yadda ake faɗi a tsakar gida. Kowa ya kwafi nasa a littafinsa. Kafin ranar wasa ya karanta shi ya fi sau 20 bai sani ba. Ga rubutu, ga karatu, ga lissafi.

Wani zai ce: "To addini fa? Ba a hana mutum-mutumi ba?" Tambaya ce mai nauyi, ba ta raini ba. Ya zo a cikin Buhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma bai hana ta ba. Malamai sun yi bayani a kan wannan, wasu sun sassauta, wasu sun ce na yara ne kawai. Shawarata, ku je wurin liman kafin ku fara, ku nuna masa abin da kuka ɗinka da abin da kuka rubuta. In ya ce a bar fuska ba ido ba hanci, a bari, ɗankwali da murya sun isa. Kuma ku gaya wa mutane ƙarara cewa babu dabo a ciki, babu tsafi. Hannun Wane ne a cikin tsumma.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. A ƙasar Mali, a garin Markala kusa da Segu, samarin Bambara da masunta suna fito da manyan ƴan tsana na itace a bikinsu, har hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye a 2014. A Faransa, wajen 1808, wani mutumin birnin Liyon mai suna Loran Murge, wanda sana'ar saƙar siliki ta mutu masa, ya koma cire haƙori a kasuwa. Don ya tara mutane sai ya riƙa wasa da ƴan tsana. A nan ya ƙirƙiro Ginyol, talakan masaƙi mai tsiwa, wanda ba ya tsoron mai gidan haya ko jandarma. Shekara fiye da 200 ke nan ana wasan Ginyol.

Abu biyu nake jan kunnenku a kai. Na farko, kada ku mayar da ƴar tsana mai wa'azi. Na sha ganin wasan da ake kawowa daga birni, ƴar tsana ta fito ta ce "ku wanke hannu, ku yi rigakafi", ta koma. Maganar gaskiya ce, amma ba mai tuna ta. A bar mai gardama ya yi gardamarsa da hujja mai ƙarfi, irin wadda muke ji a bakin rijiya. A bar marowaci ya ba mutane dariya. Kun tuna wasannin su Yazi Dogo a rediyo da talabijin? Da dariya suka kama mu, shi ya sa har yau ake labarinsu.

Na biyu, kada a ɗinka ƴar tsana da kamannin wani mutum na cikin gari, ko a ba ta sunansa, ko irin tafiyarsa. Ranar da aka yi haka wasa ya zama zambo, kuma gobe mijin wata zai hana ta zuwa aji. Ku ba su sunaye na hali: Malam Rowa, Na-Allah, Uwar Gulma.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, dare da farin wata. Ku fara nuna wa ajinku, sannan ajin ƙauyen da ke kusa. In kun je, ku tafi da littafin wasan, ku bar masu su kwafa, ku kuma ku kwafo nasu.