Kada a jefar da 'yar tsana don gashinta ya zube

Da kara da tsumma iyayenmu mata suka yi 'yar tsana. A Abuja kuwa, da gashin ta kanti ya zube, sai bola. A ganina almubazzaranci ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024.

Ragowar baƙin ulu, tsohuwar safa da allura sun wadatar. A yanka safar daidai kan 'yar tsanar, a ɗinka ulun layi-layi daga ƙeya zuwa goshi, yarinya ta kitsa mata shuku.

Za a ce ma'aikaci ba shi da lokaci. Amma sabuwa galibi da gashin Turawa take zuwa. Wannan kuwa kitson ɗiyarka ne a kanta, kuma ta koyi cewa abin da ya lalace gyara shi ake yi.