Mai Ƙaura da Agogunansa a Ƙofar Kwastan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, in amsa wata takarda da ta zo hannuna daga wani malamin asibiti. Ya sami aiki a Ingila, zai tashi da iyalinsa gaba ɗaya. Ya ce yana da agoguna 11, huɗu na gado ne daga mahaifinsa, ciki har da na aljihu guda, sauran kuwa shi ya tara su ɗaya bayan ɗaya tun yana ɗan makaranta. Abokansa sun ba shi shawara ya ɗaura biyu, ya ɗaura wa uwargida biyu, ya cusa sauran cikin safa a ƙasan akwati, ya wuce abinsa. Ya tambaye ni ko wannan dabara ce. Na ga amsar za ta amfani wasu ban da shi, don yanzu kusan kowace unguwa akwai mai haramar tafiya, shi ya sa na kawo ta nan.

Malam, wannan ba dabara ba ce, hanyar rasa agogunan ce, kuma abin takaici a ciki shi ne, ana so ka sato abin da doka ta riga ta ba ka kyauta.

Bari in fara da abin da ake biya in babu sassauci, don ka san girman abin da muke magana a kai. Fatake na dā, masu zuwa Gwanja, in sun iso bakin kogi sukan biya kuɗin fito, madugu ya tsuguna a yi ciniki, a rage, a wuce. Na yau ba a ciniki da shi, a rubuce yake. Wanda ya sauka Ingila daga jirgin sama, an yafe masa kayan tsaraba da bai wuce na fam 390 ba. In ya wuce haka, to, ba a kan rarar za a yi masa lissafi ba, a kan kuɗin kayan dukansa ne. Kuma abin da ke da nauyi a lissafin shi ne harajin nan da ake kira VAT, wanda mu nan muke biyan kashi 7.5 cikin 100 tun 1 ga Fabrairun 2020, su kuwa nasu kashi 20 ne. Mu ƙaddara agogunanka 11 sun kai fam 10,000 a jimla. Ka ga fam 2,000 ke nan za a nema a wurinka a tsaye, ba ka ko ga ɗakin da za ka kwana ba. Ƙasashen Tarayyar Turai su ma haka, sai dai nasu sassaucin na mai jirgin sama yuro 430 ne, harajin kuma kowace ƙasa da nata, na Jamus kashi 19. Wani abu kuma da abokanka ba su gaya maka ba, ba a haɗa rabon miji da na mata da na 'ya'ya a rufe agogo ɗaya mai tsada. Kowa da nasa, kuma agogo ba ya rabuwa biyu.

To, amma duk wannan na mai zuwa da sabon kaya ne. Mai ƙaura hukuncinsa dabam. Gwamnatin Ingila ta san mutum ba ya tashi daga garinsu tsirara, saboda haka ta yarda ya shigo da kayan amfaninsa ba ko kwabo, in ya cika sharuɗɗa. Ya zamana ya zauna wajen ƙasar wata 12 a jere, kayan kuma sun yi aƙalla wata 6 a hannunsa yana amfani da su, ya shigo da su cikin wata 12 da zuwansa, sa'an nan kada ya sayar, kada ya ba da aro ko haya ko jingina, sai sun cika wata 12 da shigowa. Ana neman wannan izni ne da wata takarda mai suna ToR1, wadda ake cikawa ta intanet tun mutum yana gida, a haɗa da hoton fasfo, da shaidar inda yake zaune, da shaidar inda zai zauna, da jerin kayan. In sun yarda, sai su aiko masa da lamba, ita ce zai nuna, ita ce kuma zai ba masu ɗaukar masa kaya. Ko da yake Ingila ta fita daga Tarayyar Turai a 2020, sharuɗɗan nan kusan iri ɗaya ne da na dokar Tarayyar ta 2009, don haka mai tafiya Jamus ko Faransa ko Italiya shi ma ya riƙe wata 6 da wata 12 ɗin nan.

Ni dai a ganina sharaɗin wata 6 adalci ne. An yi shi ne don kada ɗan kasuwa ya sayi kaya jiya, ya ce yau na gidansa ne. Abin da ya kamata ka lura da shi kawai, kada murnar tafiya ta sa ka sayi sabon agogo ana saura wata biyu ka tashi, ka zuba shi cikin tsofaffin. Wannan ɗayan ba ya cikin sassauci, sai ka faɗe shi dabam, ka biya masa.

Inda wahalar take a wurinmu ita ce shaida. Mu da muke aikin akawu mun sani, a ofis abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Bature yakan adana rasidin agogonsa shekara 30 a aljihun tebur. Iyayenmu kuwa, wa ya taɓa ganin alhaji ya dawo daga Makka da Rado ko Seiko ya ajiye rasidi? Ya ɗaura ne kawai, ya yi ta duba lokacin salla har Allah Ya karɓi abinsa. Ma'aikacin kwastan bai san mahaifinka ba, ba kuma zai karɓi rantsuwa ba, abin da ke gabansa baƙo ne da agoguna 11, aikinsa kuwa shi ne ya rarrabe mai sha'awa da mai fatauci. Saboda haka sai ka yi wa kanka abin da akawu zai yi. Ka sami takarda, ka ja layi, ka rubuta kowane agogo da sunan kamfaninsa, da irinsa, da lambarsa, da shekarar da ya zo hannunka, da yadda ya zo, da kimanin kuɗinsa, ko da ba a nemi dalla-dalla haka ba. Lambar nan galibi tana bisa murfin baya. Ta tsofaffin Rolex tana ɓoye a gefe, wajen ƙarfe shida, sai an cire maɗauri ake ganinta, ta wasu kuma tana can ciki bisa injin, sai mai gyaran agogo ya buɗe maka. Ka ɗauki hoton kowane gaba da baya. Na gadon, in alƙali ne ya raba, ka nemi kofen takardar rabon. In kuwa a gida aka raba, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa. Ka tona akwatin hotuna ma, domin hoton ɗaurin aure ko na bikin sauka, wanda agogon ya fito sarai a hannunka ko a hannun marigayi, shaida ce da ba ta da tsada. Takardun mai gyara, in yana bayarwa, su ma ka haɗa. Kuma tsufan agogo a nan ba aibi ba ne. Ƙarcen da ke bisa gilashi, da maɗaurin da gumi ya ci, sun fi kwali mai ƙyalli yi maka magana. Kada ka kai a goge su su koma kamar sababbi ana jibi tafiya.

Yanzu ga zancen ƙofa. A filayen jirgin sama na Turai, bayan ka ɗauki akwatinka za ka ga ƙofa mai kore da ƙofa mai ja. Mutanenmu da yawa suna zaton mai koren ta masu sauri ce. A'a. Shiga cikinta magana ce, ko ba ka buɗe baki ba, ka ce ke nan ba ka da abin da za ka bayyana. In aka tsai da kai aka samu, ba sauran cewa ai dā ma zan faɗa. Kada kuma a ce talaka ake yi wa haka. A 2013 Karl-Heinz Rummenigge, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar ƙwallo ta Bayern, ya dawo daga Katar da Rolex biyu, ya bi ta mai kore a filin jirgin Munik. Ya ce kyauta aka ba shi. Wannan ba ta fisshe shi ba, don doka ba ta duba ko saye ka yi ko ba ka aka yi, an ci shi tarar yuro 249,900. A Janairun 2024 kuma, a wannan filin dai, aka tsare Arnold Schwarzenegger, tsohon gwamnan Kalifoniya, wajen sa'a uku, saboda agogo ɗaya ƙirar Audemars Piguet. Nasa ne, ba wanda ya musa. Amma ya zo da shi ne don a yi gwanjonsa a Ostiriya, a tara kuɗin aikinsa na kare yanayin duniya, an kuwa sayar da shi yuro 270,000. Ka ga bambancin ke nan. Baƙo mai ziyara da zai koma da agogonsa a hannu ba ruwan kowa da shi, amma da zarar agogo zai zauna a ƙasar, ko zai canja hannu, ya zama kayan shigowa. In waɗannan, da sunansu da lauyoyinsu, ba su tsira ba, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Kai da ke da lambar izni a aljihu, ka nufi ƙofa mai ja da kanka, ka miƙa jerinka. Abin da za ka rasa bai wuce ɗan jinkiri ba.

Akwai wani tarko wanda ba na kuɗi ba, kuma shi na fi jiye maka tsoro, domin ba kowa ya san shi ba. Maɗaurin agogo. A 1973 ƙasashe suka ƙulla wata yarjejeniya a Washinton, ana kiranta CITES, don hana a ƙarar da namun daji ta hanyar ciniki, Nijeriya kuma tana ciki. Fatar kada, da ta mesa, da ta guza da damo, duk suna ƙarƙashinta. An yi wa matafiyi rangwame ya wuce da abu huɗu na fatar kada ba tare da takarda ba, amma daga irin kadojin da aka yarda a yi cinikinsu, kamar waɗanda ake kiwo a Amurka da kudancin Afirka. Kadan kogunanmu na nan ƙasar yana cikin sahun farko, wanda aka fi tsanantawa, saboda haka maɗaurin da baduku ya ɗinka maka da fatarsa ba ya cikin rangwamen. Ba sai an same ka da mugun nufi ba, ƙwacewa ake yi. Maganin abin da sauƙi. Ka cire duk maɗaurin da kake shakkarsa ka bar shi gida, ka sa na ƙarfe, ko na jar fatar akuyar Sakkwato, wadda Turawa da kansu suka daɗe suna yi wa littattafansu masu daraja bango da ita. Haka in agogon aljihun marigayi yana da wani ado na hauren giwa, kada ka fita da shi sai ka nemi izni tukuna.

Na jabu kuwa ba sai na daɗe a kansa ba. In akwai wanda ka san sunan da ke fuskarsa ba na ubansa ba ne, bar wa ƙanenka. A Suwizalan tun 2008 ana ƙwace irinsa ko na amfanin kai ne, Faransa ma ba ta wasa da shi, kuma guda ɗaya ya isa ya sa a yi shakkar goman da ke tare da shi.

Game da ɗauka, kada ka sa su cikin akwatin da za a jefa cikin jirgi. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 ta ƙayyade abin da kamfanin jirgi zai biya fasinja in kayansa sun ɓace, bai wuce kimanin dala 2,000 ba, ko da me ke ciki, sai fa in tun farko an bayyana darajarsa an biya ƙari. Ka nannaɗe kowane dabam cikin ƙyalle mai laushi, su zauna cikin jakar da ke hannunka, takardun kuma kofe biyu, ɗaya wurinka, ɗaya wurin uwargida.

Sai sharaɗin ƙarshe, wanda na san shi zai fi gwada ka. Shekarar farko a baƙuwar ƙasa ita ce mai tsanani. Ga kuɗin haya da na ajiya, ga rigunan sanyi na yara, ga na gida suna jiran aike. A lokacin ne ido zai kai ga agogon da ya fi tsada. In larura ta kai ka sayar kafin wata 12 su cika, ka sanar da hukumar harajinsu tukuna, ka biya abin da aka yafe maka a kan wannan ɗayan, sa'an nan ka sayar. Gara ma tun kana nan ka zauna ka yi lissafi, in ka ga akwai wanda ba makawa sai ya tafi, ka sayar da shi a gida, ka tafi da kuɗin. Takardar iznin kuwa da jerin lambobin kada ka yar bayan ka sauka. Duk ranar da ka zo ganin gida da ɗayansu a hannu, in za ka koma, su ne za su nuna ba sabo ka sayo ba. Mai tafiya Amurka, su can suna da takardarsu ta wannan, mai lamba 4457, wadda ake kai agogon wurin kwastan su duba lambarsa su buga hatimi kafin a fita da shi.

Allah Ya kai ka lafiya, Malam, kai da iyali. Haza wasalam.

Naka,
Akawu