Rufin Asirin da Aka Saya da Mutuncin Wasu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu begen tsofaffin fina-finan Amurka. Wai a zamanin can akwai kunya, kamfanonin fim suna rufa wa taurarinsu asiri, ba kamar yau da kowa ke shanya kayan cikinsa a intanet ba. In ka nemi misali sai su ce Rock Hudson, wanda ya shekara talatin da wani abu yana fitowa a matsayin namijin da kowace mace ke burin samu, alhali a ɓoye maza yake nema, kuma aka bar kaza cikin gashinta. Ni ban yarda da wannan yabo ba. Abin da Hollywood ta yi a kan Hudson ciniki ne tsagwaronsa, kuma wasu aka sa suka biya kuɗin.

Ko sunan ma ƙera shi aka yi. Roy Scherer aka raɗa masa da aka haife shi a Winnetka ta jihar Illinois a 1925. Dillalin 'yan wasa Henry Willson ne ya laƙaba masa Rock Hudson. Kamfanin Universal ya ɗaga shi da fim ɗin Magnificent Obsession a 1954. Giant na 1956, inda ya fito tare da Elizabeth Taylor da James Dean, ya kai shi takarar kyautar Oscar, sannan Pillow Talk da ya yi da Doris Day a 1959 ya tara kuɗi ba na wasa ba. Haja ce mai riba, kuma mai haja ba ya barin ruwa ya taɓa ta.

Ba na zargin Hudson don ya ji tsoro. Dokar Kalifoniya tana hukunta luwaɗi har zuwa 1976, kuma kwantiragin 'yan wasa na ɗauke da sharaɗin da ke ba kamfani damar sallamar duk wanda ya jawo abin kunya. Wanda ke cikin wannan hali dole ya yi taka-tsantsan. Tambayata ita ce: da me aka sayi shirun?

A 1955 mujallar tsegumi mai suna Confidential ta shirya fallasa shi. Kamar yadda masu rubuta tarihin Willson suka ruwaito, sai ya yi musaya da ita: ku ƙyale Hudson, ga wasu. Mujallar ta buga cewa Rory Calhoun ya taɓa zaman kurkuku yana matashi, ta kuma tono kamun da 'yan sanda suka yi wa Tab Hunter a wani taron shagali a 1950. Dukansu 'yan wasa ne da suka taɓa zama a hannun Willson. A watan Nuwamba na shekarar kuma Hudson ya auri Phyllis Gates, sakatariyar Willson ɗin. Auren ya mutu a 1958, kuma a littafin da ta fitar a 1987 ta ce ita don so ta yi, ba ta san komai ba.

To jama'a, wannan ne rufin asiri? Rufin asirin da na sani shi ne ka ga aibin ɗan'uwanka ka kame bakinka, ba ka neman ko sisi. Wanda ya tuɓe mutum biyu a tsakiyar kasuwa don ya lulluɓe na uku, saboda na ukun ya fi kawo kuɗi, ɗan kasuwa ne mai lissafi. Kar a shafa masa man mutunci.

Shirun bai tsaya kan mutunci ba, sai da ya kai ga rai. A watan Yunin 1984 likitoci suka tabbatar wa Hudson yana ɗauke da cutar ƙanjamau. Ya ɓoye wa duniya, wannan haƙƙinsa ne. Amma ya ɓoye wa Marc Christian, mutumin da suke tare, wannan kuwa ba shi da ikon yi. Bayan mutuwarsa Christian ya kai ƙara, a 1989 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi gaskiya da diyyar sama da dala miliyan 21, daga baya alƙali ya rage ta zuwa miliyan 5.5. Gwaji ya nuna bai kamu ba, amma sa'a ce ta cece shi. Mutumin da aka koya wa ƙarya tun yana saurayi, aka kuma biya shi lada a kanta, bai iya ajiye ta ba ranar da ta zama guba ga na kusa da shi.

Za a ce mini ai ƙarshensa ya yi amfani, tunda ciwonsa ya farkar da Amurka. Haka ne, kuma hujjata ke nan. Amfanin ya zo ne ranar da asirin ya fashe. A watan Yulin 1985 Hudson ya yanke jiki ya faɗi a otal ɗin Ritz na birnin Paris, ranar 25 ga watan aka sanar da duniya ciwon da ke damunsa. Tun 1981 likitoci ke ba da rahoton cutar, dubban mutane sun riga sun mutu, amma sai a watan Satumban 1985 shugaba Ronald Reagan, tsohon ɗan fim kuma abokin Hudson, ya amsa tambaya a kanta a gaban 'yan jarida. Hudson ya ba da dala 250,000 don bincike, Elizabeth Taylor ta tsaya da ƙafafunta wajen kafa gidauniyar amfAR. Ya rasu ranar 2 ga Oktoban 1985 yana da shekara 59. Abin kunya ne a ce sai da fitacce ya rame a gaban kyamara kafin a yarda cewa waɗanda suka riga shi tafiya su ma mutane ne.

Masu cewa alhaki ne ya kama shi kuwa, ina so su gaya mini laifin Ryan White, yaron jihar Indiana da ya kamu ta hanyar maganin da ake haɗawa da jini, aka hana shi shiga makaranta a wannan shekarar ta 1985. Ƙwayar cuta ba ta zaman alƙalanci. Tsangwama dai ita ke korar mai ciwo daga asibiti ta sa shi yin shiru, shirun kuma ya kai cutar gidan wani.

Ban ce a daina kallon fina-finansa ba. A kalli All That Heaven Allows na 1955, wanda Douglas Sirk ya ba da umarni, inda Hudson ya fito a mai kula da lambu da wata bazawara mai hali ke so, gari kuma ya sa su a baki. Ya san ciwon tsegumi tun kafin a rubuta masa shi a takarda. Amma duk wanda zai sake yaba mini kunyar Hollywood ta dā, to ya fara lissafo mini Calhoun da Hunter da Gates da Christian, ya gaya mini wanda ya rufa musu nasu asirin.