Ra'ayinmu: Barikokin Legas na ɗauke da tarihin da ba mu rubuta ba

Duk wanda ya taso daga Abule Egba ko Zangon Agege ya shiga cikin Legas, zai ci karo da wasu sunaye da kunne ya saba da su, amma ba kowa ya san asalinsu ba: Barikin Myohaung da na Marda a Yaba, na Arakan da Tamandu a Apapa, da kuma Barikin Dodan a Ikoyi. Sunayen nan ba Yarbanci ba ne, ba Hausa ba, ba kuma Turanci ba. Sunayen wuraren da sojojin Najeriya suka gwabza ne a ƙasashen Bama da Habasha lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga wannan yaƙin ne kuma aka samo sunayen Barikin Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Barikin Mogadishu na Abuja, wanda da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida ke wucewa ta ƙofarsa kowace safiya.

Mun tsuke bayanin a kan Legas ne saboda a can aka fara. Rundunar Sojan Najeriya da kanta tana ƙirga asalinta daga shekarar 1863, lokacin da Laftanar John Glover ya tara wasu mutum 18 da aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga wannan ɗan ƙaramin ayari aka samu 'yan sandan Hausa na Legas, daga baya kuma rundunar da Turawa suka kafa ta Afirka ta Yamma. Shekaru da dama Hausa ce harshen ba da umarni a cikinta, har aka samu salon maganar da ake kira Barikanci. Ke nan tarihin Hausawa a Legas bai tsaya ga fataucin goro da shanu ba, ko layin dogon da ya haɗa Agege da Kano. Akwai kaki a cikinsa, akwai kuma jini.

A watan Fabrairun 1941 birged ta 23 ta Najeriya ta shiga Mogadishu, sannan ta nausa Habasha ta mashigar Marda. Daga baya runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a dazuzzukan Arakan na Bama, inda aka ƙwace Myohaung daga hannun Japanawa a watan Janairun 1945. Bataliyoyin Najeriya uku kuma suka shiga cikin dakarun Chindit a 1944. Waɗanda suka dawo su ne 'yan mazan jiyan da iyayenmu suka taso suna jin labarin yaƙin Bama daga bakinsu. Yau wanda ya fi ƙuruciya a cikinsu, in yana raye, ya kusa shekara ɗari.

Yana da kyau mu dubi yadda wasu suka yi da nasu. A daren 14 ga Nuwamban 1940 jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai a kan birnin Coventry na Ingila, aka rasa rayuka fiye da 500, babbar majami'ar birnin ta ƙone. Da aka zo sake gini, mutanen garin ba su share kangon ba. Suka bar bangayen a tsaye, suka gina sabuwa a gefe, aka buɗe ta a 1962. Yaron da aka haifa jiya zai iya shiga ya ga abin da yaƙi ke yi da idonsa, domin gani ya kori ji. Darasin bai shafi yawan kuɗi ba. Wasu ne suka zauna suka yanke shawara cewa wannan ba za a taɓa shi ba, kuma aka rubuta.

Mu kuwa shaidarmu daban take. Gidan Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, wanda aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa tun 1956, an rushe shi ranar 11 ga Satumban 2016, jajibirin Babbar Sallah. Idan ginin da doka ta san da zamansa ya faɗi cikin yini ɗaya, ina ga wanda ba ya cikin kowane kundi? Tsohuwar sakatariyar tarayya ta Ikoyi ta shafe shekaru babu kowa a ciki. Barikin Dodan, inda aka mulki ƙasar nan daga 1966 har zuwa ƙaura Abuja a Disambar 1991, wuri ne da aka yanke shawarwarin yaƙin basasa, amma ɗalibin sakandare ba shi da hanyar sanin wane ɗaki ne wane.

Mun san abin da za a ce. Wasu za su ce yaƙin Turawa ne, an kwashi 'ya'yan talakawa, wasu ma ba da son ransu ba, aka biya su ƙasa da takwarorinsu farar fata. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne babban dalilin adana tarihin, domin in ba mu faɗa ba wani zai faɗa yadda ya ga dama. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko ba a rubuta sunayensu ba, har gwamnatin Birtaniya ta nemi gafara. Ba za mu zargi wasu da mantuwa ba alhali muna yin irinta. Wasu kuma za su ce da tsadar rayuwa da rashin tsaro, wa ke ta tsohon bango? Amsarmu ita ce abin da muke nema bai kai kuɗin ayarin motocin babban jami'i ɗaya ba.

Na farko, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Ma'aikatar Tsaro su haɗu su tantance tsofaffin gine-ginen soja da na gwamnatin tarayya a Legas, Zariya da Kaduna, su shigar da waɗanda suka cancanta cikin kundin kayan tarihi. Ba muna cewa a buɗe bariki ga kowa ba. Allo a bakin ƙofa mai bayanin sunan da Hausa da Yarbanci da Turanci ya isa mafari.

Na biyu, a aika matasan masu bincike zuwa Agege da kasuwar Gatan Kowa ta Abule Egba da sauran zangunan Hausawa, ta hannun sarakunan Hausawa da ƙungiyar 'yan mazan jiya, a naɗi abin da 'ya'ya da jikoki suka riƙe. Duk lambar yabo ko takardar sallama da ke ƙasan adaka a ɗauki hotonta, a ajiye kwafi a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Ibadan.

Na uku, Majalisar Dokoki ta Tarayya ta sake duba dokar 1979 da ta kafa hukumar, domin tarar da aka yanka da darajar nairar wancan zamani ba ta tsorata mai katafila a yau. Kuma a wajabta cewa babu tsohon ginin tarayya da za a sayar ko a rushe sai an ga amincewar hukumar a cikin fayil.

A nan ne maganar ta zo kan teburinku, ku daraktoci da mataimaka na musamman da masu tsara kasafin kuɗi. Gini ba ya fara faɗuwa ranar da katafila ta iso. Yana fara faɗuwa ne ranar da takardarsa ta wuce ofis babu wanda ya tambayi shekarunsa. Kowace 15 ga Janairu shugabanni kan ajiye furanni domin tunawa da 'yan mazan jiya. Muna fatan kafin a sake taruwa, a ce an kafa allo ko da guda ɗaya a ƙofar Barikin Myohaung, yadda jikan wanda ya je Bama zai tsaya ya karanta inda kakansa ya taka.