Ciwo a Gida, Masu Bincike a Waje

Tun 1969 aka gano zazzaɓin Lassa a ƙasar Borno, har yau kuwa babu allurar rigakafinsa da hukuma ta amince da ita. To, wa zai nemo mana? Wanda ya sami digirin dakta a ilmin cututtuka, sai ya ƙara 'yan shekaru ƙarƙashin wani gwani kafin ya tsaya da ƙafarsa. Guraben wannan almajirci galibi suna Ingila da Amurka, ba duk wanda ya tafi ke komowa ba. Ga ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom, ga ta ciwon barci a Kaduna. Muna roƙon Gwamnati ta ƙara musu gurabe da albashin kirki, gama mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.