Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Nema a Adis Ababa

Matafiya da yawa daga Kano da Yamai da Injamena da Akara suna sauka a filin jirgin saman Bole, su sauya jirgi zuwa Jidda ko Dubai ko ƙasar Sin, ba tare da sun taka ƙasar birnin ba. Kaɗan daga cikinsu ne suke tsayawa kwana biyu ko uku don buɗe ido. Irin wannan baƙo, da zarar ya fito, abin da ake nuna masa sananne ne: fadar Sarki Menelik da aka buɗe wa jama'a a 2019 da sunan Unity Park, da ginin tunawa da nasarar yaƙin Adwa wanda aka ƙaddamar a 2024, da hedikwatar Tarayyar Afirka da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2012. Duka sun cancanci kallo. Amma wanda ya tsaya a nan ya ga ɗakin baƙi ne kawai, bai shiga cikin gida ba.

Birnin da kansa yana hana gaggawa. Yana zaune ne a kan tudu mai tsawon fiye da mita 2,300, dutsen Entoto da ke arewa da shi kuma ya haura mita 3,000. Mutumin da ya taso a fili, idan ya hau matakala goma da sauri, sai ya ji numfashinsa yana sarƙewa. Da dare sanyi yakan sauko kamar na hunturu, daga Yuni zuwa Satumba kuwa ruwan sama ba ya ɗagawa. A kan Entoto Menelik ya fara zama, kafin matarsa Taytu ta zaɓi gangaren da ke kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi a 1886, ta sa wa wurin suna Adis Ababa, wato sabuwar fure. Oromo kuwa Finfinne suke kiransa. Itatuwan turare da suka lulluɓe dutsen daga Ostireliya aka kawo irinsu a zamanin Menelik, domin ƙarancin itacen girki ya kusa tayar da birnin tun yana jariri. Har yanzu akwai matan da suke saukowa daga can da damin itace a baya.

Inda gardama take shi ne unguwar Piassa. A da, nan ce babbar kasuwar gari, ana kiranta Arada. Da Italiya ta mamaye Habasha, daga 1936 zuwa 1941, sai ta kwashe 'yan kasuwa baƙar fata daga nan ta kai su yamma, don unguwar ta zama ta Turawa. Wannan korar ce ta haifi Merkato, wadda a yau take cikin manyan kasuwannin Afirka. A 2024 an sake rushe wani babban ɓangare na Piassa, wannan karon da hannun hukumomin ƙasar, domin faɗaɗa tituna da shimfiɗa hanyoyin masu tafiya a ƙafa da na kekuna. Tsofaffin shagunan maƙeran zinariya da gidajen shan gahawa da yawa sun tafi, mazauna kuma aka mayar da su gefen gari, nesa da inda suke neman abinci.

Masu goyon bayan aikin ba su rasa hujja ba. Yawancin gidajen sun tsufa, na laka ne da kwano, wasu babu banɗaki, kuma ba adalci ba ne a ce talaka ya dawwama cikin ƙunci don baƙo ya sami abin ɗauka a hoto. Wannan gaskiya ce. Sai dai cikin dalilan da ake bayarwa har da jawo masu yawon buɗe ido, wato da sunan baƙo aka yi wani kaso na aikin. Saboda haka inda ya kai ƙafarsa da inda ya kashe kuɗinsa ba ƙaramin abu ba ne. Idan bai wuce wuraren da aka ƙawata da fitilu ba, ya tabbatar wa mahukunta cewa abin da ake so ke nan.

Ya fi dacewa ya ba Merkato yini guda. Wanda ya san kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari ba zai ɓace ba, don kowace haja da layinta: barkono da kayan yaji, gahawa ɗanya, farin saƙi na auduga, har da layin masu mayar da tsohuwar taya takalmi. Masallacin Anwar yana nan, cocin Raguel kuma yana maƙwabtaka da shi. Ya kula da aljihunsa, kamar a kowace babbar kasuwa. Ya zauna inda mace take soya gahawa a kan gawayi, ta daka, ta dafa a tulun yumɓu mai dogon wuya, ya jira zagaye na uku kamar yadda al'ada ta tanada. Sannan ya leƙa gidan tarihin da ke kusa da dandalin Meskel, inda aka ajiye hotuna da ƙasusuwan waɗanda gwamnatin soja ta Derg ta kashe a ƙarshen shekarun 1970.

Idan zai yi alkawari da direba, ya tambaya da agogon wa ake magana. Mutanen Habasha daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne.